Baƙin fuskar wayata ya koma toka-toka a cikin duhu: an cuce ni ne, ko idona ne?

Tela Ƙofar Soro

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, shagona na nan wajen Ƙofar Soro cikin birnin Katsina. Ban cika rubutu ba, karantawa nake in wuce, amma yau abin ya tsaya mini a rai.

Wayata Samsung A51 ce, ta shekara huɗu a hannuna. Ina da wata al'ada: in na zo kwanciya sai in jingine ta a jikin ƙafar gado, saboda agogon nan da ke fitowa a fuskarta ko tana kulle. In aka ɗauke wuta ɗaki ya yi duhu, irin wanda ko tafin hannunka ba ka gani, sai ka ga lambobin agogon kaɗai a tsaye cikin iska, kamar babu waya a wurin. Ba ka ganin gefenta, ba ka ganin kusurwarta. Da shi nake sanin Asuba ta gabato tun ladanin unguwarmu bai yi gyaran murya ba.

Sati uku da suka wuce ina cikin yankan wata shadda, yaron shago ya jawo yadin, ashe wayar na bisa. Ta faɗo ta bugi ƙafar keke. Gilashi ya tsage, rabin fuskar ya yi baƙi kamar tawada ta zube a ciki. Na kai wa wani mai gyara, ba zan kama sunansa ba don ban tabbatar da laifinsa ba. Ya ce sai an canza sikirin, kuma orijinal zai sa mini. Na karɓo bayan La'asar, na duba a bakin rumfarsa, fes, launi ya fito, taɓawa na aiki. Na biya na yi godiya.

Daren nan na jingine ta kamar kullum, aka ɗauke wuta wajen sha ɗaya. Ina waiwayawa sai na ga wayar gaba ɗayanta tana haske, murabba'i guda, toka-toka mai ɗan shuɗi, agogon a tsakiya. Daga ƙasa, wajen ramin caji, hasken ya fi ƙarfi, kamar an kunna aci-balbal a bayan asabari. Uwargida har ta ce in kife ta, tana hana ta barci. Da safe kuma caji ya sauka fiye da yadda na saba. Sannan wurin dangwala yatsa ya daina karɓar yatsana, sai dai in sa lamba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da rana ba ka ganin bambancin komai. Baƙinta baƙi ne wuluk. Ni da na shekara talatin ina tantance baƙin yadi, na san mai kyau na san wanda zai koɗe a wanki biyu, amma wannan ya gagare ni. Mi ke sa baƙi ya zama baƙi da rana, ya koma toka da dare? Wani saiti ne ya taɓa a ciki, ko idona ne ya fara gajiya?

Ɗan Layout

Baba ba wani abu ba ne, hasken ne ya yi yawa. Ka ja shi ƙasa sannan ka kunna yanayin duhu a saiti, shi ke nan. Har batir zai riƙe maka.

Mai Gyara Sabuwar Unguwa

Wa alaikumus salam Baba Tela. Idonka lafiya lau, kuma babu saitin da aka taɓa. Ɗan Layout, yi haƙuri, maganin nan naka ba na wannan ciwon ba ne. Shekarata tara a kan benci ina buɗe waya, kuma alamu huɗun da Baba ya lissafa duk abu ɗaya suke nunawa: an cire masa sikirin OLED an sa masa LCD, wanda mu a kasuwa muke ce wa insel.

Bari in faɗa maka abin da nake gani in na ɓare su.

In ka ɓare LCD daga baya, hawa-hawa ne kamar an jera takardu. Can ƙarshe akwai wata leda mai ƙyalli kamar madubi. A gabanta akwai faranti na roba garai-garai, a bakinsa na ƙasa kuma an jera ƙananan fitilu farare a kan wani siririn zare. Su ne ke hura haske cikin farantin ta gefe, shi kuma ya baza shi ko'ina. Sai wasu fararen ledoji da ke daidaita hasken, sannan ka zo kan gilashin da ke yin hoto. Shi gilashin nan ba ya ba da haske ko ɗis. Aikinsa tsaron ƙofa. Kowane ɗigo na hoton ƙaramar taga ce, ta buɗe haske ya wuce, ta rufe ta tare shi. To fitilun nan na baya, muddin fuskar wayar na kunne, a kunne suke, ko fari kake kallo ko baƙi. Baƙi a wurin LCD rufe taga ne kawai alhali fitila na ci a cikin ɗaki. Kowa ya sayi rariya kuwa ya san za ta zubar da ruwa. Hasken da ya fi ƙarfi a wajen ramin caji da ka gani, Baba, daidai nan fitilun suke zaune. Misalin asabarin da ka kawo, wallahi ko ni ban taɓa samun wanda ya fi shi ba.

OLED kuwa in ka ɓare shi za ka yi mamakin rashin kaurinsa. Babu faranti, babu zaren fitilu. Kowane ɗigo shi ne fitilar kansa. A51 tana da ɗigo 1080 a faɗi, 2400 a tsaye, ka ga sama da miliyan biyu da rabi ke nan, kowanne da hukuncin kansa. In hoto ya ce nan baƙi ne, sai a yanke wa ɗigon wuta, ya mutu mus. Shi ya sa agogonka na da yake tsayawa cikin iska: ɗigon da suka zana lambobin su kaɗai ke ci, sauran duk a kashe suke. Kuma shi ya sa bai cin batir sosai. Yanzu kuwa don a nuna maka lambobi huɗu, sai an kunna fitilun baya gaba ɗaya har gari ya waye.

Maganar yatsa ita ce ma babbar shaida. Abin da ke karanta yatsa a A51 wata 'yar ƙaramar kyamara ce a ƙarƙashin sikirin. Ɗigon wurin su haska yatsanka, ita kuma ta leƙo ta tsakankaninsu ta ɗauki zanen. LCD mai madubi da faranti a bayansa ya toshe mata ido, ta ina za ta leƙa?

Ga gwajin da ba ya buƙatar kowa. Da dare ka kashe fitilar ɗaki, ka kashe wayar gaba ɗaya, ka zauna minti biyar, sannan ka kunna ta. Lokacin da sunan kamfanin ya fito fari a kan baƙi, ka duba. In rubutun kaɗai ka gani, OLED ne. In ka ga allon duka ya farka, LCD ne. Gwaji na biyu: buɗe hoto mai baƙi da yawa, ka riƙa jan hasken sama da ƙasa. A LCD baƙin zai riƙa tashi yana sauka tare da hannunka. A OLED ba ya motsi.

Sai dai zan ɗan kare 'yan sana'ata, ba don na yarda da ƙarya ba. Sikirin wannan wayar kashi uku ne a kasuwa: na kamfani, da OLED kwafi, da insel. Ko ka je Farm Centre a Kano haka za ka tarar. Na kamfani wani lokaci kuɗinsa ya kusa rabin abin da za a sayi wayar a hannunka. Mutum goma in suka zo, takwas da sun ji kuɗin sai su ce "ba mai sauƙi?" Laifin mai gyara shi ne ya sa mai sauƙin ya kira shi orijinal. Baba, don Allah nawa ya fara ce maka, nawa kuka daidaita?

Tela Ƙofar Soro

Allah ya yi maka albarka ɗana. Tambayarka ta ƙarshe ta kama ni. Gaskiya kuɗin da ya fara faɗa na ce masa ko ɗinkin Sallah ban tara haka ba. Muka yi ta ja har muka sauko ƙasa da rabi, ya ce "to bari in duba maka wani." Ni a zatona ragi ya yi mini don muna gaisawa. Amma kalmar orijinal da bakinsa ya faɗe ta, ban ƙirƙira ba.

Saura tambayata ta farko. Na gane fitila na ci a baya. To ai da rana ma tana ci. Mi ya hana ni ganin tokar a bakin rumfarsa?

Malamin Kimiyya Batagarawa

Malam Tela, wannan ɓangaren nawa ne, don darasin ido da haske nake koyarwa a sakandare. Mai Gyara ya gama da abin da ke cikin waya, ni zan yi maganar abin da ke cikin kanka.

Ido ba sikeli ba ne, ba ya auna haske da mudu. Kwatantawa yake yi. Abin da yake kira baƙi shi ne abin da ya fi komai duhu a cikin abin da yake kallo a wannan lokacin. LCD na waya mai kyau, farinsa ya fi baƙinsa haske kamar sau 1000 zuwa 1500. Wato in ya rufe tagoginsa iyakar ƙarfinsa, kusan kashi ɗaya cikin dubu na hasken yana zurarowa. Yanzu ɗauki wannan kashi ɗaya cikin dubu ka kai shi bakin rumfa bayan La'asar a Katsina, inda rana ke dukan ƙasa, farar rigarka na ƙyalli a jikin gilashin. Hasken da gilashin ke maido maka daga waje ya ninka wanda ke zurarowa daga ciki sau da yawa. Ya nutse, kamar ka zuba cokalin ruwa a rijiyar Kusugu ka ce za ka gane shi. A cikin rana, OLED da LCD baƙinsu kusan ɗaya ne, don duk abin da kake gani a lokacin hasken waje ne da ya dawo.

Da dare lissafin ya juye. Baƙin tsakiyar idonka, wanda da rana yake tsukewa zuwa kamar milimita 2, sai ya buɗe ya kai 6 ko 7, gwargwadon shekaru. Wannan ma ƙarami ne. Babban aikin yana can bayan ido, inda akwai ƙwayoyi iri biyu masu karɓar haske: masu ganin launi da ke aiki da rana, da masu ganin dare da ba su san launi ba. Na daren a hankali suke farkawa, sukan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin su kai ƙarfinsu, kuma in sun kai, ido ya fi yadda yake da rana jin haske sau dubbai. Shi ya sa in aka ɗauke wuta da farko ba ka ganin komai, can anjima sai ka fara ganin bakin ƙofa, ka ga buta. To a wannan halin, kashi ɗaya cikin dubun nan da ya ɓace da rana ya zama shi ne fitila mafi ƙarfi a ɗakin. Ba ƙaruwa ya yi ba. Abokan takararsa ne suka tafi.

Ku teloli in kuna shakkar baƙin yadi, waje kuke fita da shi ku ɗaga wa rana, don yadi hasken waje yake karɓa ya maido. Waya ita ke yin haskenta, saboda haka nata gwajin a ɗaki mai duhu yake. Ka yi mata gwajin yadi ne, Malam, ita kuwa ta ci jarabawar da ba tata ba.

Wani abin sha'awa: ko a duhun da babu haske ko kaɗan, ido ba ya ganin baƙi tsantsa. Rufe idonka cikin bargo ka lura, za ka ga wata toka mai duhu tana motsi-motsi. Jijiyoyin ido ne ke ɗan surutunsu ko babu abin da ya taɓa su. Jamusawa har suna suka ba ta, eigengrau, wato tokar da ido ke yi wa kansa. Shi ya sa baƙin da ke kewaye da agogonka na da yakan yi kamar ya fi duhun ɗakin ma duhu, don yana maƙwabtaka da farin lambobi.

Fasahar kuma ba ta yau ba ce. A 1987 wasu masana biyu na kamfanin Kodak a Amurka, Ching Tang da Steven Van Slyke, suka fitar da OLED na farko mai aiki da ƙaramar wuta. Ta daɗe kafin ta iso aljihu. Samsung ya sa irinta a Galaxy S na farko a 2010, Apple kuwa bai sa ta a waya ba sai 2017 da iPhone X. Har iPhone 11 na 2019 LCD ce, kuma mai kyau. Na faɗi haka ne don kada a ɗauka LCD kayan banza ne. Wanda aka ƙera waya da shi daban, wanda aka liƙa wa wayar da ba a gina ta dominsa ba daban.

Maman Biyu Daura

Sannunku da ƙoƙari. Malam, ni tawa tambayar ta saɓa. Tawa OLED ce, na yi gwajin da Mai Gyara ya faɗa jiya da dare, rubutun kaɗai ya fito. Amma ina da jarirai, kusan kullum ƙarfe biyu ina zaune da ɗaya a kafaɗa, waya a ɗaya hannun, haske a can ƙasa don kar in tashe su. Abu biyu nake gani. Na farko, WhatsApp ɗina yana yanayin duhu amma bayansa ba baƙi ba ne, ina ganin allon sarai. Na biyu, in ina jan rubutu sama a wurin da yake baƙi sosai, sai hotuna su riƙa jan wata jela mai ruwan shanshanbale a bayansu, kamar an shafa lalle da hannu bai bushe ba. Da rana babu. Tawa ma kwafi ce ke nan?

Mai Gyara Sabuwar Unguwa

A'a Hajiya, taki lafiyarta ƙalau, halin OLED ne. Ɗigon da aka kashe gaba ɗaya yana ɗan nawa kafin ya farka, musamman in wutar da ake ba shi kaɗan ce, kamar yadda kike sa haske a ƙasa. Kuma ja da kore da shuɗin da ke cikinsa ba sa tashi tare, shi ne kike ganin jelar nan mai launi. Ki ɗan ɗaga hasken kaɗan za ki ga ta ragu. Mutane sun sha kawo mini waya a kan wannan, in ce su mayar da kuɗinsu aljihu.

Malamin Kimiyya Batagarawa

Hajiya, tambayarki ta biyu ita ce amsar ta farko. A wajen waya, kowane launi lamba ce daga 0 zuwa 255. Sifili ne kaɗai ke nufin a kashe ɗigo. Daga 1 zuwa sama, yana ci, komai ƙanƙantarsa. Masu tsara manhajoji da yawa da gangan suke guje wa sifili. Google ma a ƙa'idar da ya fitar ta yanayin duhu, toka mai duhu ya ba da shawara, mai lamba 18, ba baƙi tsantsa ba. Dalili ɗaya shi ne jelar nan da kika gani: ɗigon da bai mutu ba, ba ya buƙatar farkawa. Wani dalilin kuma farin rubutu a kan baƙi wuluk yana yi wa wasu mutane kaifi a ido. Saboda haka allon da kike gani a WhatsApp ba zurarar haske ba ce irin ta Malam Tela, fenti ne aka zaɓa.

Kuma a nan OLED ke da rauninsa. Sifili yana yinsa ba kuskure, amma lambobin da ke kusa da sifili suna ba shi wahala, don a 'yar wutar nan ɗigo ba sa amsawa daidai wa daida. In kika buɗe hoto mai toka mai duhu sosai a ɗaki mai duhu, kina iya ganin dabbare-dabbare ko wani sashe ya ɗan yi kore.

Ɗan Layout, maganarka ta batir tana da rabin gaskiya. Yanayin duhu ya shigo Android 10 da iOS 13 a 2019, WhatsApp ya bi a 2020. A OLED yana rage cin wuta, amma gwargwadon hasken da ka sa. Wani bincike na Jami'ar Purdue a 2021 ya samu ragin kashi 3 zuwa 9 cikin ɗari in haske na tsaka-tsaki, sai in an ƙure haske ne ragin ke kaiwa wajen kashi 40 ko fiye. A sikirin da ke hannun Malam Tela yanzu kuwa, ko ya mayar da komai baƙi, fitilun baya ba su san an yi ba. Jan haske ƙasa ne kaɗai zai taimake shi, nan kam ka faɗi daidai.

Ɗan Layout

Na karɓi gyara Malam. Ashe ni ma tawa LCD ce, shekara biyu ina yanayin duhu ina ganin kamar ina tattalin caji.

Tela Ƙofar Soro

Na dawo da rahoto. Daren jiya na aro wayar ƙanena, irin tawa ce sak amma ba a taɓa buɗe ta ba. Muka shiga shago bayan Isha, muka ja ƙofa, muka kashe fitilar sola, muka ajiye su gefe da gefe a kan teburin yanka. Muka kunna tare. Tasa rubutu kawai, tawa kamar an buɗe 'yar taga. Yaron shagon da ya jawo duk wannan shi ya fara cewa "Baba ga ta nan!"

Yau da hantsi na koma wajen mai gyaran. Ban ɗaga murya ba, na ce masa insel ka sa mini ko? Ya ɗago ya kalle ni, ya ce wa ya faɗa mini wannan kalmar. Sannan ya ce ai orijinal ɗin insel ne, ba jabunsa ba. Na yi dariya har na zauna a bencinsa, don ni ma na san yadda muke ce wa mai kaya "shadda ce" mu bar shi ya ƙarasa sauran da kansa. Mun daidaita a kan zai karɓi wannan ya sa mini OLED kwafi in cika masa, amma sai bayan Sallah in ɗinki ya sauka. Na ce masa ranar da zan karɓa bayan Magariba zan zo, kuma a cikin shagon za mu rufe ƙofa mu kunna ta.

Kafin nan na kashe agogon kamar yadda lissafin Mai Gyara ya nuna, caji ya dawo yana kai ni yamma. Mai Gyara, shi OLED kwafin yana karɓar yatsa, ko shi ma sai na sa lamba?

Mai Gyara Sabuwar Unguwa

Wani yana karɓa, wani ba ya karɓa, Baba, ya danganta da wanda aka samu, kuma sau da yawa sai an sake saita mai karanta yatsan bayan an ɗaura. Kar ka biya cikon sai ka goge tsohon yatsan, ka yi rajistar sabo a gabansa, ka kulle ka buɗe sau biyar. Ka duba bakin ƙasa ma, wasu kwafin hotonsu bai cika kaiwa ƙarshen gilashi ba, za ka ga baƙin layi mai kauri a wajen ramin caji.